Wai mu Hausawa nawa ne a Agege?

Shekaranjiya bayan isha'i musu ya kaure a teburin mai shayin bakin layinmu nan Zango, kuma ba sabon musu ba ne, duk sanda zaɓe ya ƙarato ko aka yi wata 'yar hatsaniya a kasuwa sai an taso da shi, wai mu Hausawa nawa ne a Agege ta jihar Legas. Wani dattijo ya rantse rabin garin mu ne, wani ya ce haba Alhaji, ai cunkushewa muka yi wuri ɗaya shi ya sa kake ganin kamar mun cika gari, ka taka zuwa Dopemu ko Orile ka ƙirga gida nawa za ka yi sallama a amsa maka da Hausa. Ana cikin haka ɗan yayana da ke jami'a ya zaro waya ya ce Baffa duba nan, ya buɗe min shafin wani ɗan mitsitsin gari a Amurka, garin da mutanensa ba su kai masu sallar Juma'a a masallacinmu ba, amma ga shi an jera komai reras, farar fata kaza cikin ɗari, baƙar fata kaza, 'yan asalin Asiya kaza, masu jini biyu kaza, har da ɗigo da 'yan lambobi a bayansa. Ya ce to don me mu ba mu da irin wannan mu huta da musu? A wurin ban ba shi amsar kirki ba don shayina na hucewa, shi ne na ce bari in zauna in warware maganar a rubuce.

Jadawalin nan na Amurkawa ba daga sama ya faɗo ba. Tun 1790 suke ƙidaya duk bayan shekara goma, ta baya-bayan nan ita ce ta 2020, kuma a fom ɗin akwai tambayar launin fata wadda mutum da kansa yake cikewa, ba ma'aikaci ne zai kalle ka ya yanke maka hukunci ba. Daga shekarar 2000 aka yarda mutum ya zaɓi akwati fiye da ɗaya, shi ne kake ganin layin masu jini biyu. Sai kuma wata tambaya daban kan ko asalinka daga ƙasashen masu Sifaniyanci ne irin su Meziko, ita wannan ba a ɗauke ta launin fata ba, shi ya sa wani sa'in in ka tara kason duka sai ka ga ya haura ɗari ka ɗauka sun yi kuskuren lissafi. To amma su kansu akwatunan ba wahayi ba ne, mutane ne suka zauna suka yanka su kuma suna ta sake yankawa. A ƙidayarsu ta farko rabon shi ne farare masu 'yanci, da sauran masu 'yanci, da bayi, kuma wajen raba kujerun majalisa bayi biyar a matsayin mutum uku ake lissafa su. Balaraben Masar ko na Labanan har ƙidayar 2020 farar fata ne a lissafinsu, sai a 2024 gwamnatinsu ta amince a ware wa mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka nasu akwatin. Ni da kai da Bayarabe da Ibo da ɗan Jamaika kuwa in muka je can akwati ɗaya za a zuba mu. Ka ga kenan jadawalin yana amsa tambayar da ta dame su ne, wadda ta samo tushe daga bauta da wariyar launin fata. Ka ɗauko shi yadda yake ka kawo Agege ba abin da zai gaya maka, kusan kowa layi ɗaya zai faɗa, in ka cire 'yan tsirarun Labanawa da Indiyawa da 'yan Sin da ke harkar masana'antu, su ma ɗin sun fi yawa a wajen Ilupeju da Ikeja da Apapa. Mu abin da muke rabuwa a kai yare ne da asali da addini.

Kuma shi ɗin ne gwamnatin Najeriya ta daina tambaya da gangan. Ƙidayar ƙarshe da aka tambayi ƙabila da addini kuma aka yi aiki da sakamakonta ita ce ta 1963, wadda ta ba da mutum miliyan 55.6, ita ma maimaici ce don ta 1962 rigima ta cinye ta, kuma ko ta 1963 ɗin sai da gwamnatin Jihar Gabas ta Michael Okpara ta kai ƙara kotu. Ta 1973 lokacin Gowon, Murtala na hawa a 1975 ya soke ta. Daga nan aka ga wannan tambaya wuta ce, a ƙidayar 1991 ta zamanin Babangida da ta 2006 ta zamanin Obasanjo ba a tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba. Masu shekaru za su tuna hayaniyar kafin ta 2006, wasu a Kudu na cewa in ba a sa tambayar ba za su ƙaurace, wasu a Arewa na cewa in aka sa su ma za su ƙaurace. Duk da an cire ɗin ma ba a tsira ba, sakamako ya fito Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9 da 'yan kai, gwamnatin Legas ta ce sam, ita nata lissafin da ta yi a gefe ya ba ta miliyan 17.5. Agege a wannan ƙidaya an ba ta mutum wajen dubu 460. Wadda aka shirya yi a 2023 kuma Buhari ya ɗage ta ana saura kwanaki. To duk wanda ya zo maka a WhatsApp da cewa Hausawa kaza ne cikin ɗari a Agege ko a Legas, ka tambaye shi wa ya ƙirga, yaushe, da wane fom. Ba hukumar ƙidaya ba ce dai.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina ba rashin tambayar ba ne. A ce gobe an wayi gari an sa ta a fom, ma'aikaci ya shigo layinmu da kwamfutarsa ta hannu ya ce kai wace ƙabila ce, me za a rubuta?

A Legas kalmar Hausa buhu ce, duk wanda ya fito daga sama da Kwara jefa shi ake a ciki a ɗaure baki. Bafulatanin da ke kawo shanu Abbatuwa Oko-Oba Hausa ne. Babarbaren da ke canji Hausa ne. Shuwa, Banufe, Bagware, mutumin Zuru, mutumin Mubi, yaran Gwoza da rikicin Boko Haram ya koro tun daga 2009 suka kama acaɓa, cikinsu har da Kiristoci masu zuwa coci ran Lahadi, duk Hausa ne a bakin maƙwabta, duk aboki, duk mola. Ka ƙara da waɗanda ma ba 'yan Najeriya ba, Hausawan Maraɗi da Damagaram da Tawa, da Zabarmawa, da Buzayen da farin 1973 ya fara turowa Kudu suka zama masu gadi, da mutanen Chadi. Su kansu in suna tsakaninsu kowa ya san wane ne wane, Babarbare ba zai taɓa ce maka shi Bahaushe ba ne a gaban ɗan'uwansa, sai dai ya tsokani Bafulatani ya ce bawansa ne, amma in rigima ta tashi da 'yan tasha ko aka zo rusau, nan take kowa ya koma Hausa don inuwar ta fi faɗi. To a fom wanne zai faɗa, na cikin gida ko na bakin titi?

Kuma wannan abu ba yau ya fara ba. A 1863, shekara biyu bayan Ingila ta karɓe Ikko, wato Legas, Kyaftin John Glover ya tara wasu 'yan Arewa, akasarinsu bayi da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu, ya yi rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda sojan Najeriya ke lissafawa a matsayin tushensa. Ba dukkansu ne Hausawa a jini ba, Hausa ce dai yaren da ya haɗa su, sai sunan ya bi su. Tsofaffin unguwannin sojoji irin su Obalende daga wannan layin suka samo nasu Hausawan. Yarbawa kuma da can suna rarrabewa fiye da yanzu, Banufe Tapa ne, Bahaushe Gambari, kuma Oshodi Tapa, babban jarumin Sarki Kosoko wanda zuri'arsa ke Epetedo a cikin tsibirin Legas, asalinsa Banufe ne, amma yau je ka ce wa jikokinsa ba 'yan Ikko ba ne ka ga abin da zai biyo baya.

Namu na Agege goro ne ya kawo mu, goro da jirgin ƙasa. Asalin ƙasar ta Awori ce, wani reshe na Yarbawa, wannan ba mai musu a kai, su ne masu ƙasa kuma sarautar gargajiyar garin tasu ce. A da fataken Kano da Katsina, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, Gwanja suke tafiya da jakuna, watanni a hanya, su saro goro a kasuwar Salaga da ke arewacin Gana ta yanzu. Da Turawa suka ci masarautar Asante ta Gana da yaƙi a 1874 hanyar ta rikice, goro ya fara biyo teku daga bakin ruwan Gana zuwa Ikko, Alhassan Dantata kansa ya yi wannan safara kafin ya koma kan gyaɗa. Sai manoman wannan yanki, Agege da Ota da Ifo da Shagamu, suka fara dasa irin goron na Gwanja a gonakinsu, har yau Yarbawa gbanja suke ce masa don su bambanta shi da nasu abata da suke hidimar gargajiya da shi. Ga kuma titin jirgi da ya ratsa ta Agege ya isa Ibadan a 1901, wajen 1912 kuma mutum na iya hawa daga Ikko har Kano. To me zai kai ka Gwanja? Ka sauka a Agege, ka sayi goro hannun matan Yarbawa, a ɗaure maka huhu da ganye, a loda a jirgi. Inda fatake ke sauka shi ne zango, sunan unguwarmu kenan, kuma daga nan aka samu masu gida masu saukar da baƙi, da dillalai, da masu ɗaurin huhu, da mahauta, da malamai, da sarkin Hausawa mai sasanta su. A lokaci guda kuma gonakin koko na su J. K. Coker a wajen Ifako suna jawo leburori daga cikin ƙasar Yarbawa. Wato tun farkon ƙarni na 20 garin ya riga ya zama haɗin gambiza.

Kakana ta wannan hanya ya zo, yaron wani mai gida ne yana ɗaurin huhu, ya auri kakata wadda Bayarabiya ce 'yar wajen Abekuta, uwarta ce ke sayar wa mai gidansa goro. Mahaifina a nan aka haife shi, ni ma haka, yarana ma haka. Yarbanci a bakinmu kamar ruwa, in na yi waya da mai gyaran mota ba ya gane ba ɗan'uwansa ba ne sai ya gan ni da hula. In muka je Kano biki kuwa da na buɗe baki sai a ce ga 'yan Ikko nan, wasu ma kai tsaye su ce Yarbawa sun iso, a yi ta dariyar yadda muke jan magana. A al'adarmu ɗa na uba ne, don haka ni Bahaushe ne ba tantama, amma da fom irin na Amurka ne akwati biyu zan cike, kuma gidaje irin namu a Zango ba su ƙirguwa. Akwai kuma akasin haka, gidajen da kakansu Banufe ne ko Babarbare ko ma mutumin Ilori, ya sauka gidan wani mai gida, ya bi sallah a masallacin unguwa, ya auri 'yar unguwa, 'ya'yansa suka tashi ba su jin komai sai Hausa da Yarbanci, yau su ne ma a gaba in ana taron Hausawa. Hausanci abu ne da ake shiga, kamar yadda ake shiga sana'a, yare da addini da sutura da zama cikin jama'a su ne kuɗin shiga. Abin da ake shigarsa ana fita kuma yana da wuyar ƙirgawa, don akwai jikokin Hausawa a Isale Oja da Oniwaya da suka narke cikin dangin uwa, sunan kaka kawai ya rage.

Kada kuma mu ɗauka mu kaɗai ake yi wa kuɗin goro, mu ma muna yi. Duk wanda muka ji yana e kaaro mun ce Bayarabe, alhali a tsakaninsu Awori daban, Egba daban, Ijebu, Yewa, Ijesha, Ekiti, mutanen Oyo da Ibadan, mutanen Ilori, kuma maganar wa ke da ƙasa wa ya zo ci da aiki tana da zafi a tsakaninsu fiye da yadda muke zato, Ba'awori na kallon mutumin Ekiti a matsayin baƙo kamar yadda yake kallona, sai dai shi baƙon da suke jin yaren juna. Egun na wajen Badagry da Makoko ma ba Yarbawa ba ne, yarensu ya fi kusa da na mutanen Kwatano. Markaz, makarantar Larabci da addini da Agege ke alfahari da ita, Shehu Adam Al-Ilori ne ya dawo da ita nan daga Abekuta a shekarun 1950, ga sunansa ma ya faɗi inda ya fito. Haka duk wanda ya fito daga Gabas ko Neja Delta mun ce Ibo, ko Ibibio ne ko Efik ko Urhobo ko Ijaw, wanda in ka faɗa masa haka ransa zai ɓaci kamar yadda ran mutumin Kafanchan ke ɓaci in an ce masa aboki. Saboda haka ko an ce maka gari kashi uku ne, Yarbawa da Hausawa da Ibo, buhu uku aka nuna maka ba a kwance bakinsu ba.

Wani abin da mutane ke mantawa, akwai ƙabilar da ta taɓa cika garin nan ta ɓace cikin 'yan makonni. Ƙarshen shekarun 1970 lokacin kuɗin mai, 'yan Gana sun yi yawa a Agege, malaman makaranta da teloli da masu gyaran takalmi, har a can Gana in an ce wane ya tafi Agege ana nufin ya tafi Najeriya neman kuɗi. A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya fita, suka ɗaure kaya a jakar nan da har yau ake kira da sunansu suka tafi, yanzu haka akwai unguwa a Ankara babban birnin Gana da ake kira Agege. Da an yi jadawali a 1982 aka sake wani a 1984, da ka ce garuruwa biyu ne.

Wannan ya kawo ni kan maganar lokaci, wadda a wurinmu ta fi ta kowa tasiri saboda ci-rani. Yawan 'yan Arewa a Agege a watan Janairu ba shi ne yawansu a watan Yuli ba. Da an gama girbi tireloli ke sauke matasa daga Jigawa da Katsina da Zamfara da Sakkwato da Nijar, masu garuwa, masu wankin takalmi, 'yan bola jari, masu tura baro, masu yankan farce, da ruwa ya sauka kuma rabinsu sun juya gona. Ga azumi da babbar sallah, wasu na tafiya gida, wasu kuma lokacin suke zuwa da raguna. Ita ƙidayar Najeriya inda aka same ka a ranakun nan ake rubuta ka, ta 2006 a watan Maris aka yi, aka hana fita, kuma kowa ya san mutane da yawa, mu da Ibo duka, sun tafi garuruwansu don a ƙirga su can, wasu sarakunansu da 'yan siyasarsu ne ma suka kira su. Waɗanda suka tsaya kuma, mai ƙidaya gida yake bi, to yaro ɗan ci-rani ina gidansa? Yana kwana a shago, ko barandar masallaci, ko kangon da yake gadi, ko su goma sha a ɗaki ɗaya wasu na barcin dare wasu na rana, kuma da ya hango mai riga da fom zai zata 'yan haraji ne ko 'yan kamen babur ya sulale. Su ne aka fi gani a titi, su ne kuma suka fi wuyar shiga takarda. Matan aure na cikin gida kuwa akasin haka, suna nan da yawa amma mai wucewa ba ya ganinsu. Shi ya sa ido ke yaudara ta kowane ɓangare. Doka ma na sauya lissafin, da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida ciki har da Ikeja a watan Yunin 2022, wasu yaran sun koma gida, wasu sun gangaro unguwannin da ba a hana ba, wasu sun tsallaka Ogun.

Sai kuma iyaka. In ka ce Agege wacce kake nufi? Akwai ƙaramar hukumar Agege da tsarin mulki ya sani, ɗaya daga cikin 20 na Legas. A 2003 Tinubu yana gwamna ya ƙirƙiro wasu 37, aka yanki Orile Agege daga cikinta, Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar a kan haka har aka je kotun ƙoli, kuma har yau tarayya 20 ɗin take ƙirgawa. Ga kuma Agegen bakin mutane, wadda ta haɗa da wuraren da a takarda suna ƙarƙashin Ifako-Ijaiye ko Alimosho ko Ikeja. Ka zana da'ira a kan Zango da kewayen tashar jirgi kaɗai, Alhajin da ya ce rabi mu ne zai iya cin musu har da rara. Ka faɗaɗa ta ta haɗiye Dopemu da Orile da Tabon-Tabon da Papa Ashafa, ɗaya mutumin ne zai ci. Su biyun ba wanda ya yi ƙarya, kowa da garin da yake aunawa a kansa.

To me ya sa abin ke damunmu haka? Kujera da kaso. Mai cewa muna da yawa so yake a ce to ina kansilolinmu, ina rabonmu a kasuwa da ɗaukar aiki, mai cewa ba mu da yawa kuma ya san abin da yake karewa. Tun da Peter Obi ya zarce Tinubu a Legas da ƙuri'a wajen dubu goma a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 maganar wa ke da Legas ta ƙara zafi, duk da da Ibo aka fi yin ta, mu ma tana shafarmu. Ba a ce ba a taɓa damawa da baƙi ba, Ben Akabueze, wanda Ibo ne, ya yi kwamishinan kasafi shekaru a jihar nan, Sanwo-Olu ma ya naɗa ɗan Arewa, Kabiru Ahmed Abdullahi, kwamishina a 2019. Amma naɗi alfarma ce, mai bayarwa na iya hanawa. A ɗaya gefen kuma duk wanda ya ga rikicin ƙabilanci na Ketu a 1999, ko na Idi-Araba a Fabrairun 2002, ko na Mile 12 a 2016, ya san akwai ranar da ba ka son kowa ya riƙe takardar da ta nuna gida kaza na layi kaza 'yan ƙabila kaza ne. Ruwanda bayan kisan kiyashin 1994 cire ƙabila ta yi daga katin shaida saboda abin da aka yi da shi a shingayen hanya. Faransa ba ta tambaya. Kenya da Gana kuma suna tambaya suna bugawa, kuma ba su rushe ba. Ba hanya ɗaya ba ce.

Ni dai da za a ji tawa, ba ƙabila zan sa a fom ba, yaren da ake yi a gida zan tambaya, a bar mutum ya faɗi biyu ko uku, da inda aka haife shi, da shekara nawa ya yi a garin, da ko yana komawa gida da damina. Waɗannan suna da amsa wadda ba ta canzawa da wanda ke tambaya, kuma su ne ke da amfani, a san asibitin unguwa na buƙatar nas mai jin Hausa saboda matan da ba sa iya faɗin ciwonsu da wani yare, a san makaranta nawa ake buƙata, a san da wane yare za a yi shelar rigakafi. Jihar na da hukumar rajistar mazauna, LASRRA, ga kuma lambar NIN, amma mutanenmu da yawa ba sa zuwa yi sai an toshe musu layin waya, wannan kam laifinmu ne, mu daina ɗora wa wani.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ƙasar da ta ƙi tambayar ƙabila a ƙidaya ita ce kuma ke tambayar asalinka a kowace ƙofa, shiga jami'a, aikin gwamnati, soja, ɗan sanda, sai ka kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarka ta asali. Shi wannan ɗan yayan nawa mai nuna min waya, da zai shiga makaranta sai da aka sa shi a mota kwana guda cur zuwa garin da kakan babansa ya baro tun zamanin jirgin gawayi, ya je yana tambayar hanyar gidan dagaci da Hausarsa ta Agege, aka yi ta neman tsohon da zai tuna sunan gidansu kafin a sa masa hannu. A takarda yanzu shi ɗan can ne, a lissafin jihar da aka haife shi da ubansa kuma baƙo ne.

Da na koma teburin jiya na karanta musu wani ɓangare na wannan, Alhaji bai sauka daga kan rabinsa ba, ya ce lissafin 'yan boko ne. Mai shayin da ya yi shiru tun shekaranjiya yana ta fifita wuta, mutumin Tawa ne, shekararsa ashirin da wani abu a bakin layin nan, matarsa da yaransa na can, ya miƙo min kofi ya ce Malam, a rabin nan da Alhaji ke faɗa, da ni a ciki ko ban da ni? Alhaji ya ce da kai mana. Ɗayan ya ce ina, ai shi ko ƙuri'a ba ya da ita. Musu ya koma sabo, har aka ɗauke wuta.